Tambaya da Amsa: Na sabunta Linux, ayyukan netwok sun ƙi mutuwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki, ya iyali? Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani ƙauye a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ina buga takardu, ina fotokwafi, ina cike wa yara fom ɗin makaranta da duba musu sakamakon jarrabawa. Kwamfutar teburi ce tsohuwa, Linux nau'in Ubuntu 22.04 ke kanta, wani ɗalibi ne ya saka mini da filashi. Ba ta zo da Wi-Fi ba, shi ya sa na sayi 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin USB, ɗalibin ya sauko mata da direba daga intanet, nake jona ta da hotsifot ɗin wayata. Muna zaune lafiya, har daren wata Laraba da na sami data mai rahusa na sabunta komai. Da safiyar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, mutane sun cika benci, sai netwok ya ɗauke bayan 'yan mintuna. Alamar Wi-Fi ta daskare. Na buɗe taminal na rubuta ip addr, ya tsaya cak. Na duba da ps na ga NetworkManager da wpa_supplicant da shi kansa ip duk da harafin D a gefensu. Na yi kill, na yi kill -9, ko gezau. Daga baya sudo ma ya daina amsawa. In na ce ta kashe kanta sai ta yi ta ƙirga lokaci, sai na zare wuta. Umarnin uname -r yana nuna 6.8, alhali a da 6.5 ne. Wani ya ce bairos ne, in yi fomatin. Malam yaya zan kashe ayyukan nan?

Daga mai karatu, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa shagon albarka. Kada ka yi fomatin, kuma wannan ba bairos ba ne. Wasiƙarka ta kawo abin da ya isa a gane ciwon: lambar kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan kwamfuta, ta canza, direban, wato manhajar da ke sa na'urar Wi-Fi aiki, daga waje aka ɗauko shi, ayyukan da suka maƙale duk na netwok ne, kowanne kuma yana ɗauke da D. Ayyukan nan da kake ta kai wa duka ba su da laifi, jira kawai suke yi, kuma ba za su kasu ba sai abin da suke jira ya zo ko an sake kunna kwamfutar. Aikinka shi ne gano wanda ya tsayar da su.

Umarnin kill saƙo yake aikawa, ba shi ke yanka da hannunsa ba. In ka rubuta shi haka kawai, sigina mai lamba 15 yake turawa, wato roƙo ne ga manhaja ta tattara kayanta ta fita. In ka ƙara -9, manhajar ba ta da ikon ƙi, domin kanel ne zai zartar da hukuncin. Amma kanel yana da lokacin da yake duba irin wannan saƙo, shi ne sa'ad da aikin ya gama abin da ya shiga yi a cikin kanel zai koma ɓangarensa. Harafin D yana nufin aikin ya shiga cikin kanel ya kwanta barcin da aka hana a tashe shi da sigina. Saƙonka ya isa, an rubuta shi, yana nan ajiye. Kana iya ganinsa da idonka. Ɗauki lambar aikin da ps ya nuna maka, a ce 1234 ce, ka rubuta:

grep Pnd /proc/1234/status

Za ka ga layi mai tarin sifiri wanda ya ƙare da 100. Wannan shi ne siginarka ta 9 tana zaman jira. Ko sau ɗari ka sake aikawa, a wuri guda za ta zauna.

Da gangan aka tsara shi haka. Aikin da ke tsakiyar rubutu a had dis, ko yake tsakiyar gyara wani lissafi na cikin kanel, in aka fizge shi zai bar abu rabi da rabi, ɓarnar ta fi ta jiran muni. A lafiyayyar kwamfuta ana shiga D a fita cikin ƙiftawar ido, ba ka ko lura. A 2008, a kanel 2.6.25, an ƙara wani nau'in barci da sigina ta 9 ke iya katsewa, musamman saboda fayilolin da ake ajiyewa a wata kwamfuta ta netwok. Sai dai yawancin masu jiran makullin da zan yi maka bayaninsa ba da irin wannan barcin suke jira ba.

A cikin kanel ɗin Linux akwai makulli guda ɗaya mai suna RTNL, wanda duk mai son taɓa tsarin netwok sai ya karɓe shi tukuna. Mai ɗaga katin netwok, mai sauke shi, mai ba shi adireshi, har mai son a lissafa masa katunan da ke kwamfutar, a kanel irin naka duk ta nan suke bi. Ka ɗauka rumbun gida ne mai mabuɗi ɗaya tal. Kowa ya karɓa ya ɗebi hatsinsa ya mayar, ba a ganin layi. Ran da wani ya karɓi mabuɗin ya yanke jiki ya faɗi da shi a aljihu, kowa ya zo sai ya tsaya a bakin rumbu, kuma korar na bakin rumbun ba za ta fito da mabuɗin ba. NetworkManager da wpa_supplicant da ip su ne na bakin rumbu. Shi ma sudo, umarnin da ke ba ka ikon mai kula da kwamfuta, da ya ba ka mamaki, yakan tambayi kanel jerin katunan netwok kafin ya fara aiki, shi ya sa ya shiga layin.

Hanya biyu ce aka fi rasa mabuɗin nan. Ta farko, direba ya yi kuskure yana riƙe da shi, kanel ya kashe aikin da kuskuren ya faru a cikinsa nan take, amma ba ya mayar da makullan da mamacin ke riƙe da su. Ta biyu, direba ya riƙe makullin yana jiran wani ƙaramin aiki ya gama, shi kuwa ƙaramin aikin makullin yake jira kafin ya gama. Kowa na jiran kowa.

Me ya sa sai bayan sabuntawa? Masu kula da Linux suna kiyaye alkawari tsakanin kanel da manhajojin da muke amfani da su, amma ba su taɓa yin alkawarin cewa cikin kanel ba zai sauya ba. Duk direban da ke cikin kanel, in an sauya ƙa'ida ana gyara shi tare. Wanda ke waje, irin wanda ɗalibin ya sauko maka da shi, sai mai shi ya biyo baya ya gyara. Galibi irin waɗannan direbobi suna zaune ne a ƙarƙashin DKMS, wanda ke sake gina su duk sa'ad da sabon kanel ya shigo. In ginin ya ƙi, da sauƙi, na'urar ce kawai ba za ta yi aiki ba. Abin da ya fi wahalarwa shi ne ginin ya yiwu lafiya lau, alhali ƙa'idar riƙe makulli ta canza a ƙarƙashinsa. An ga haka a 2021, lokacin da kanel 5.12 ya sauya yadda ɓangaren Wi-Fi ke amfani da RTNL: direbobin waje da dama sun riƙa daskarar da kwamfutoci har sai da aka gyara su. Kai kuma Ubuntu 22.04 na teburi yana bin layin kanel mai matsawa gaba, daga 5.15 zuwa 5.19, 6.2, 6.5, har 6.8. Filashin da aka saka maka da shi ya zo da 6.5, sabuntawar daren Laraba ta tsallakar da kai zuwa 6.8, direban kuwa yana nan inda aka bar shi.

Yanzu ga yadda za ka tabbatar, don kada mu yi aiki da zato. Zare 'yar na'urar, ka kunna kwamfutar ba tare da ita ba. Buɗe taminal ka rubuta sudo -i tun kafin komai ya maƙale, ka bar wannan tagar a buɗe. Ita ce za ta yi maka aiki in sudo ya shiga layi. A wata tagar ka rubuta journalctl -k -f, wanda zai riƙa nuna maka rahoton kanel yana fitowa layi bayan layi. Sannan ka soka na'urar, ka jona hotsifot, ka zuba ido.

Abin da kake nema shi ne wurin da rahoton ya ɓarke da layuka masu yawa a lokaci guda. Za ka ga kalmar BUG ko Oops, a ƙasa akwai layi da ya fara da RIP, sannan Call Trace da dogon jerin sunaye. A ƙarshen layin RIP, ko a cikin jerin, sunan direban da abin ya faru a cikinsa yakan fito a tsakanin baka masu kusurwa. Wannan sunan ne muke nema. A nan kusa za ka ga kalmar Tainted da wasu haruffa. Harafin O na nufin an ɗora direban da ba na cikin kanel ba, E kuma na nufin direban ba shi da sa hannu. In babu Oops, jira minti biyu zuwa huɗu. Kanel yana da mai gadi da ke yin ƙorafi in aiki ya wuce daƙiƙa 120 a D, zai rubuta layi mai cewa blocked for more than 120 seconds tare da jerin inda aikin ya tsaya. In ba ka son jira, a tagar da ka bari a buɗe rubuta:

echo w > /proc/sysrq-trigger

Nan take kanel zai zubo duk ayyukan da ke D a cikin rahoton, kowanne da inda ya kwanta. Haka ma cat /proc/1234/stack zai nuna na aiki guda.

Ka karanta jerin nan a natse, domin a nan mutane ke ɓata. Yawancin ayyukan za su nuna rtnl_lock ko rtnetlink_rcv_msg da mutex_lock a kusa da saman jerinsu. Waɗannan 'yan layi ne, ka wuce su. Ka nemi wanda jerinsa ya bambanta, wanda ya tsaya a cikin sunayen direban Wi-Fi, sau da yawa ma sunansa ya fara da kworker, ba manhajar da ka sani ba. In ka duba ba ka ga kowa a cikin direban ba, amma akwai Oops a sama, to mai mabuɗin ya riga ya mutu. Ka ɗauki hoton allon da wayarka tun daga layin farko na ɓarkewar, saboda layukan farko sun fi na baya amfani. In kuma ka riga ka sake kunna ta, journalctl -k -b -1 zai kawo maka rahoton zaman da ya gabata.

Akwai wani layi da za ka iya cin karo da shi, unregister_netdevice: waiting for, sai sunan katin, yana ta maimaita kansa. Shi wani ciwon ne daban, na katin da ake son cirewa amma wani ɓangare bai sake shi ba, ko da yake shi ma wani lokaci kan direba yake komawa.

Ka kuma lura ko kalmomin USB disconnect suna fitowa gab da ɓarkewar. Na sha shiga shaguna irin naka a ƙauyukan Kano da Jigawa in tarar da 'yar na'urar nan a ramin gaba, ramin ya sassauta, an naɗe ta da salatif ko an tokare ta da takarda, ƙurar hunturu ta cika wurin, firinta na girgiza teburin duk sa'ad da take aiki. Kowace 'yar girgiza, kanel yana ganin an zare na'urar an mayar, kuma duk zarewa sai direba ya karɓi makullin RTNL don ya sauke katin. A daidai wannan hanyar ce kurakuran direbobi suka fi ɓuya, saboda ba a cika gwada ta ba. Mayar da na'urar ramin baya, wanda ke manne da allon uwar kwamfutar. Wannan ba zai gyara direban ba, amma zai rage yawan taka inda kuskuren yake.

Sai maganar kashewa. Ƙirgen da kake gani shi ne tsarin yana bai wa NetworkManager daƙiƙa 90 ya fita, in ya cika kuma ya aika masa sigina ta 9, wadda ka riga ka san ba za ta yi tasiri ba. Zare wuta a wannan hali yana iya cinye takardar da ka buga wa wani ba ta gama sauka a had dis ba, kuma takardun mutane amana ce a hannunka. Ka adana aikinka, ka rufe manhajojin da ke rufuwa. Sannan ka danne Alt tare da maɓallin SysRq, wanda a yawancin allunan rubutu shi ne PrtSc, ka taɓa S, ka ɗan dakata, ka taɓa U, ka sake dakatawa, sannan B. Na farko yana sauke abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa had dis, na biyu yana hana ƙarin rubutu, na uku yana sake kunnawa. Ubuntu ya bar waɗannan ukun a buɗe tun asali.

Don ka koma aiki gobe da safe, tsohon kanel ɗinka yana nan, ba a goge shi ba. Da ka kunna kwamfutar ka danne Shift, in ba ta nuna komai ba ka gwada taɓa Esc, har allon GRUB, inda ake zaɓar kanel ɗin da za a tashi da shi, ya fito. Shiga Advanced options for Ubuntu ka zaɓi mai lamba 6.5. In komai ya dawo daidai a can, ka sami shaida ta biyu. Kada ka kuskura ka yi apt autoremove a kwanakin nan, don yana iya share maka tsohon. In kana son ta riƙa tuna zaɓinka, buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, ka mayar da layin GRUB_DEFAULT ya zama saved, ka ƙara layin GRUB_SAVEDEFAULT=true, sannan ka yi sudo update-grub.

Amma ban yarda ka zauna a 6.5 ba. An daina yi masa gyaran tsaro, kai kuwa kana shigar da lambobin mutane da hotunansu da bayanan jarrabawarsu. Ga kwamfuta tsohuwa irin taka, wadda ba ta buƙatar sabon kanel don ta gane kayan cikinta, na fi son ka koma layin da ba ya tsalle. Umarnin sudo apt install linux-generic zai sauko maka da 5.15, kanel ɗin da 22.04 ya fito da shi, wanda ake ci gaba da yi masa gyaran tsaro har 2027 ba tare da babbar lambarsa ta canza ba. Sai ka zaɓe shi a GRUB, tunda ita takan fara da mafi girman lamba.

Shi kuma direban, duba shi da dkms status ka ga sunansa da lambarsa, lsusb -t kuma zai nuna maka wane direba ne ke riƙe da na'urar. Yana yiwuwa sabon kanel ya riga ya zo da direbansa na wannan na'ura, na wajen ya zama kaya kawai, wani lokaci ma su biyun su yi ta rububin na'ura ɗaya. Gwajin ba wuya: a zaman da ba a soka na'urar ba, cire na wajen da dkms remove, sunansa da lambarsa, sai --all, ka sake kunnawa a 6.8, ka soka ta. In ta kama netwok, an gama. In ba ta kama ba, ɗalibin ya duba ko mai direban ya fitar da gyararre. Kada ka gwada modprobe -r bayan abin ya riga ya maƙale, shi ma layin zai shiga.

Da ni ne kai ma, da na huta da 'yar na'urar baki ɗaya. Tunda intanet ɗin daga wayarka yake zuwa, haɗa wayar da kwamfutar da igiyar caji mai ɗaukar data, ka shiga saitin hotsifot na Android ka kunna rabawa ta USB. Direbobin wannan suna cikin kanel, ana gyara su tare da shi, wayar kuma tana shan caji maimakon ta yi ta zafi batir na zuba. Sabuntawa kuwa ka riƙa yi, kada wannan ya tsorata ka, sai dai ka mayar da ita ranar da shago ba cunkoso, kamar yammacin Juma'a, ka sake kunnawa a take ka gwada netwok da firinta kafin ka rufe.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Rano. A laftof ɗina akwai aiki mai harafin Z da kalmar defunct, shi ma ya ƙi kasuwa da kill -9. Netwok dai lafiya yake. In damu?

Daga mai karatu, Jihar Kano

AMSA

Barka kadai ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Naki ba shi da haɗi da na ɗan'uwanmu na sama. Aiki mai Z ya riga ya mutu, ya saki ƙwaƙwalwar da yake riƙe da ita, ba ya cin komai. Abin da ya rage layi ɗaya ne a rajista, yana jiran manhajar da ta haife shi ta zo ta karɓi sakamakonsa. Rubuta ps -o ppid= -p sai lambarsa, zai ba ki lambar uwar. Ki rufe wannan manhajar ki sake buɗewa, tsarin zai karɓi marayan ya share layin. Ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. In kika ga suna ta ƙaruwa har ɗaruruwa a ƙarƙashin uwa guda, to manhajar ce ke da kuskure, ki sabunta ta ko ki sauya wata.